Kalmar da Ta Ƙi Isa Wurin Goggo

A shekarar da na dawo gida Gwarzo daga bautar ƙasa, babban aikina shi ne kallon inuwar darbejiyar tsakar gidanmu tana rarrafe daga bakin rijiya zuwa ƙofar kicin. Ilimin kwamfuta na karanta. Takarduna suna cikin akwati, kwamfutata tana kan cinyata, amma babu wanda ya neme ni da wani aiki. Nakan buɗe ta in rubuta 'yan baitoci a kan ruwan sama, in goge, in rufe.

Goggo ce ta fara nemana. Ƙanwar Baba ce, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti ta wajen Kabo, mace mai saurin tafiya da saurin magana. Wata Juma'a ta shigo gidanmu, bayan an gama gaisawa ta jefo min wayarta a kan zane.

"Auta, duba min wannan kasuwar."

Na duba. Katin biki, wa'azi, tallan atamfa, hoton jaririn wata, sai can a tsakiyarsu saƙon wata mata daga ƙauye tana cewa ɗanta yana ta amai. Goggo ba ta gan shi ba sai da ya kwana.

"In na tafi hutu, saƙon mutane ma ya tafi hutu tare da ni," in ji ta. "Ina son wuri guda da mata za su riƙa rubutawa, duk wadda take bakin aiki a cikinmu ta gani. Babu biki, babu atamfa. Ba kwamfuta kika karanta ba?"

"Ita na karanta, Goggo."

"To, mu gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu."

Ba zan iya gina irin wannan abu daga tushe ni kaɗai ba, kuma ba sai na gina ba. Akwai manhajojin hira da masu su suka bari a buɗe a intanet, duk rubutun da aka ƙera su da shi yana nan a fili, an yarda kowa ya ɗauki kwafi ya gyara yadda zai dace da shi. Masu sana'ar suna kiran wannan ɗauka da sunan cokali mai yatsu. Da na gaya wa Goggo haka, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ni dai na fi ganinsa kamar karan rogo. Ka yanko daga gonar wani da izininsa, ka kafa a taka, ya yi saiwa a ƙasar da bai taɓa sani ba.

Na zaɓi wata mara nauyi, wadda ake buɗewa a waya kamar shafin intanet ba sai an sauke komai ba. Daminar nan duk a kanta na ƙare. Na juya kowace kalma da ke fuskarta zuwa Hausa. Wasu sun zo da sauƙi, wasu sai da na yi ta juya su a baki ina shara ko ina tankaɗe. Inda manhajar take nuna cewa wani yana rubuto amsa, Turanci bai damu ko mace ce ko namiji ba, Hausa kuwa sai ta sani. Na sa "tana rubutu", na tuna akwai namiji a cikin ma'aikatan, na mayar da shi "ana rubutu". Haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa kamar ƙananan akwatuna, sai da na sauya mata salon rubutu. Na cire neman imel na sa lambar waya. Wurin da aka ce a sa suna na mayar da shi "Yaya ake kiranki a gida?", domin Goggo ta ce da sunan yanka ba za ta gane kowa ba. Na cire hotuna masu motsi da duk wani ado mai cin data, saboda sabis ɗin ƙauyukanmu kamar tsohon jaki yake, in aka labta masa kaya sai ya durƙusa. Ko saƙon murya ba ko'ina yake hawa ba. Launi kuwa daga ganyen zogalen bayan ɗakin Inna na ɗauko shi, kore mai sanyi, don in mace ta buɗe da hankali a tashe idonta ya sauka a kan abu mai taushi.

Idan saƙo ya shigo, manhajar takan nuna layinsa na farko a saman waya. Goggo ta gwada ta dawo min da ƙorafi.

"Kowa sallama, kowa ina kwana. Sai na buɗe ɗaya bayan ɗaya kafin in san mai ciwo da mai gaisuwa. Ki nuna min wutsiyar saƙo, kan duk iri ɗaya ne."

Na gyara, ta koma nuna layin ƙarshe. Da wannan gyaran na fi alfahari.

A cikin abubuwan da na rage har da wani shafi na masu kula, inda ake tara saƙonnin zagi don a duba su. Na kalle shi na yi murmushi. Mu da mace za ta tambayi kwananki da gajiyarki da yaranki da awakinki kafin ta faɗi abin da ya kawo ta, wa zai zagi wa? Na cire madannin da ke kai mutum can, fuskar manhajar ta ƙara sauƙi, na wuce.

Ranar wata allurar rigakafi, da mata suka cika rumfar asibitin, aka nuna musu yadda ake shiga. An samar wa ma'aikatan wayoyin aiki masu data kawai, ba a kira da su. Goggo ta tsaya a gaba ta ɗaga tata wayar sama.

"Wannan, daga yau, in ina bakin aiki a cikin durowa take zama. Mai magana ta rubuta a can. Wadda ta kira ni a nan, ko 'yar cikina ce, ba zan ɗauka ba."

Mata suka yi dariya. Ni kuwa ban yi ba. Har zuwa lokacin abin wasa ne a wurina, launi da zaɓen kalma. Da Goggo ta faɗi haka sai na ga an tattara ƙofofi da yawa an toshe, an bar guda ɗaya, kuma ni na kafa ta. Tun daga ranar, kowace safiya kafin in karya sai na buɗe ɓangaren ma'aikata in tabbatar saƙonni suna shiga.

Yayata tana cikin matan da suka zauna a rumfar nan. Tana aure a Masanawa. Goggo ce ta riƙe ta tun tana ƙarama har ta aurar da ita, don haka in Goggo ta faɗi magana, a wurin Yaya ta zauna ke nan. Tana da 'yar fari mai ciwon fuka, yarinya siririya mai manyan idanu, mai son a ba ta labarin tsuntsaye. Yaya ba ta faɗin sunanta, kamar yadda aka saba da ɗan fari. "Yarinyar nan" kawai take cewa, kuma ba ta son a ga damuwarta a kanta a fili. Da damina ciwon yakan yi barci. Da an shiga kaka, an fara sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ya tashi a iska, sai ƙirjin yarinyar ya fara fito kamar an sa mata usur a ciki. Abin da ke kwantar da shi inhela ce, ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki. A asibitin su Goggo ba a ajiye su da yawa, sai an faɗa da wuri take tanadar mata.

Kaka ta shigo, dawa ta sunkuyar da kai. Wata safiya Yaya ta kira ni. Muka gaisa, ta tambayi Baba da Inna, ta tambayi har kyanwar gidanmu, sannan ta shigo da maganar.

"Auta, Goggo ta ce miki na yi mata wani abu?"

"Wane irin abu, Yaya?"

"A'a, tambaya dai na yi. Na ga ina rubutu a abin nan naku ba a amsawa."

"Me kika rubuta?"

"Gaisuwa ce, da 'yar magana."

"Wace magana?"

"Ke kin cika tambaya kamar 'yar jarida. In ba ta ce komai ba shi ke nan. Kada ki je ki ce na kawo ƙararta."

Tana ajiye waya na buɗe kwamfuta. Ga saƙonnin Yaya nan, gaisuwar Juma'a, barka da shan ruwan sama, godiyar maganin sauro, kowanne da amsar Goggo a ƙasansa. Babu ko ɗaya da aka bari ba amsa. Da na ga saƙon da ba a amsa ba, da hankalina ya kwanta, in ce aiki ne ya yi wa Goggo yawa. Rashin ganinsa shi ya tayar min da hankali.

Na sake kiran Yaya na tambaye ta ko alamar an aika tana fitowa. Ta ce tana fitowa, 'yar koriyar nan, a gefen kowanne. Na duba rahoton da babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar take ajiyewa, babu kuskure ko ɗaya. Na zargi sabis. Na zargi haruffa masu lanƙwasa. Na zargi tsawon gaisuwarmu, na zauna na rubuta gaisuwa mai tsawon wasiƙa na aika, ta shiga lafiya. Da Goggo ta biyo ta gidanmu na tambaye ta a kaikaice ko akwai saƙon da ya taɓa wuce ta.

"Duk wanda ya shigo na amsa," in ji ta. "Ko so kike ki ce na fara makancewa?"

Ban iya ce mata komai ba, saboda Yaya ta hana. Na yi ta yawo da abin a ƙirjina. In ina wanke-wanke sai in tsaya da kwano a hannu ina tunanin inda saƙo yake zuwa idan ya bar waya bai isa ba. In har ɗaya ya ɓace, nawa ne suka ɓace? Koren shafin nan da nake so ya koma min kamar kududdufin da ban san zurfinsa ba. Inna ta ce na bar kunu ya huce a gabana har ya yi fata. Washegari na ɗauki kwamfuta na ce zan je in ga wayar Yaya da idona.

Na shiga mota zuwa Kabo, daga nan na hau acaɓa zuwa Masanawa. Dama da hagu an tara zangarniyar dawa, injin sussuka yana ruri, ƙaiƙayi yana tashi a cikin hantsi kamar hayaƙin zinariya. Da wata rana ce, da na yi masa baiti. Ranar kuwa mayafi na ja na rufe hanci, na tuna ƙirjin da wannan kyawun yake shiga.

Na tarar da gidan kusan babu kowa. Maza suna masussuka, mijin Yaya ya ɗora buhuna a babur ya tafi kasuwa. Na durƙusa a gaban surukar Yaya, tsohuwa mai son doguwar gaisuwa. Muna cikin "ya gajiya, ya mutanen Gwarzo" na jiyo shi daga ɗakin Yaya, siririn fito, yana shiga yana fita. Ban san yadda na ƙarasa gaisuwar ba.

Yarinyar tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Anti... kin zo... da labarin?"

"Na zo da shi. Yi shiru tukuna."

Yaya ta ɗauko inhelar ta girgiza ta a kusa da kunnena. Babu motsin komai a ciki.

"Da safen nan na matsa ta ƙarshe."

"Yaya, shi ne kika ce min gaisuwa ce da 'yar magana?"

"Na faɗa wa wadda ya kamata. Ga shi nan, duba."

Ta miƙo min wayarta. A tsakanin saƙonnin da na riga na gani akwai wasu da ban taɓa gani ba. Na farko dogo ne, da cikakkiyar gaisuwa, a ƙarshensa ta ce fukar yarinyar nan ta fara motsi, maganin ya kusa ƙarewa. Na biyu ya fi shi gajarta. Na uku ta fara da neman afuwa in ta yi wani laifi. Na safiyar ranar, bayan sallama, abin da ke ciki kawai shi ne, "Goggo, fukar ce." Kowanne da koriyar alamarsa a gefe.

Na kira layin Goggo. Ya yi ta ringi har ya katse, na san yana can cikin durowa. Yaya ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciyarta ta nemo mai babur, matar ta ce duk suna wajen injin amma za ta duba. Na ɗauki wayata na rubuta a manhajar cewa fukar yarinyar Yaya ta tashi sosai, babu inhela. Alamar an aika ta fito. Na buɗe kwamfuta a kan tabarma na shiga ɓangaren ma'aikata don in ga ko sun buɗe.

Saƙona ba ya nan.

Ashe ba wayar Yaya ba ce, ba kuma sabis ba ne. Na fara aika maganar gutsure-gutsure, ido ɗaya a waya ɗaya a kwamfuta. Na rubuta "Goggo", ya fito. Na rubuta "yarinyar Yaya", ya fito. "Babu inhela", ya fito. Na rubuta "fuka". Na jira. Fiton ƙirjin yarinyar ya shiga ya fita, ta shiga ta fita, shafin bai motsa ba. Na sake aikawa, shiru.

Ban tsaya neman dalili ba. Na rubuta, "Goggo, Auta ce, ina Masanawa. Numfashin yarinyar Yaya yana sarƙewa, inhela ta ƙare. Ki zo yanzu." Ya shiga. Na zuba wa ƙasan shafin ido. Can sai ga kalmomin nan biyu da na daɗe ina zaɓe, "ana rubutu". Ban taɓa sanin suna iya yin tsawo haka ba.

"Ina tafe," Goggo ta rubuto. "Ku bar ta a zaune, kada ta kwanta. Ku rufe tagar da ke kallon masussuka."

Yaya ta rufe tagar, ta zauna a bayan yarinyar ta jingina ta a ƙirjinta, tana shafa mata baya tana karanta abin da ya zo bakinta. Babu abin da zan iya yi musu. Na ja kwamfutar zuwa bakin ƙofa na shiga binciken rubutun manhajar. Na nemi "fuka", babu. Na cire harafin ƙarshe na nemi ukun farko. Sai ga su a wani fayil da ban taɓa buɗewa ba.

Fayil ne na ashar ɗin Turanci, an jera su a sahu. Masu manhajar sun sa mata wata matata, kamar rariya, da za ta riƙa tare zagi. Sun kuma san masu zagi sukan karkata rubutun kalma don su tsallake, saboda haka suka haɗa har da karkatattun. Haruffa ukun nan suna cikinsu, da alamar tauraro a bayansu, ma'ana duk kalmar da ta fara da su a tare ta. Sun tsara ta yadda mai zagin ba zai gane an tare shi ba, zai ga alamar an aika kamar kowa, saƙon kuwa ya wuce shafin masu kula ya jira a duba shi. Shafin da na cire madanninsa ke nan. Ƙofar na toshe, ɗakin yana nan, kuma tun ranar farko ake zuba mutane a ciki.

Na karanta da tafin hannuna a kan rabin allon, a gidan surukan yayata, kunya da tsoro suna cina lokaci guda.

Na kashe matatar gaba ɗaya, na ba da umarnin a saki duk abin da ta tare. Amma sabis ɗin cikin ɗaki, da yake ɗaukar gajeren saƙo, ya kasa ɗaukar gyaran. Surukar Yaya ta ce a bayan rumbu yara suke tsayawa in suna son waya ta yi magana. Na je na kife turmi na ɗora kwamfutar a kai. Ƙaiƙayi yana sauka a kan madannai, ina hure shi yana dawowa. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya ɗan matsa, ya tsaya, ya ɗan matsa. Daga nan ba na jin numfashin yarinyar, kuma rashin jinsa ya fi jinsa wuya. Duk ƙarar babur da ta taso daga nesa sai in miƙe, sai ta wuce.

Wanda ya tsaya a ƙofar gida daga ƙarshe na Goggo ne. Ta diro daga bayan mai babur da jakarta, ta wuce tsohuwar gidan ba gaisuwa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na bar kwamfutar a kan turmi na bi ta. Ta fito da sabuwar inhela da wata robar ruwa da aka huda gindinta, ta haɗa su, ta sa bakin robar a bakin yarinyar.

"Ja a hankali, uwata. Kamar kina shan fura mai kauri. Yawwa. Sake."

Tana cikin haka jakarta ta fara ƙara. Ƙarar shigowar saƙo ce, ɗaya, sai wata, sai wata a kanta, kamar ɗigon ruwa daga indararo. Gyaran ya hau ke nan.

"Wace ce kuma take neman fasa min waya?" in ji Goggo, ba ta ko waiwaya ba. "Sake ja, uwata."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ga kafaɗun yarinyar sun fara sauka ba su koma sama da ƙarfi ba. Usur ɗin ya yi ƙasa, ya koma kamar iska a jikin kara. Goggo ta sa abin sauraro a bayanta ta daɗe tana ji, sannan ta cire shi ta rataya a wuya. Yarinyar ta ce tana son ruwa. Yaya ta tashi ta ɗebo mata.

Sai a lokacin Goggo ta ciro wayar aiki. Ta karanta saƙonnin Yaya ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na neman afuwar, ta ɗago ta dubi Yaya.

"Ke kuma da kika ji shiru sai ki zauna? Ba ki da baki, ko ba ki da ƙafa?"

"Ke kika ce ko 'yar cikinki ce, Goggo."

"Na ce. Tun yaushe kika fara jin magana haka? Da ina aikenki ɗiban ruwa ai ba haka kike ba."

Yaya ta sunkuyar da kai tana dariya tana share ido da bakin zane. Goggo ta fita ta durƙusa ta ba tsohuwa haƙurin gaisuwar da ta tsallake, suka yi ta daga farko. Sannan ta juyo kaina. Na riga na ɗauko kwamfutar na rungume.

"To, malamar kwamfuta. Me ya ci saƙon?"

"Kalmar fuka ce, Goggo. Manhajar ta ɗauka zagi ne. Ta yi kama da wata kalma ta Turanci."

"Wace kalma?"

Na kalli tsohuwa, na kalli ƙasa.

"Ba ta faɗuwa, Goggo."

"Ni da nake karɓar haihuwa, wace kalma ce ban ji ba? Faɗi."

Na kasa. Na buɗe kwamfutar na juya mata allon, na nuna layin da ɗan yatsa ina kallon gefe. Ta matso da tabarau, leɓenta ya motsa, ta kai mayafi baki.

"Me aka ce?" in ji tsohuwa.

"An ce ciwon jikarki ashar ne a garin Turawa, Inna."

"To ai ashar ɗin ne," in ji tsohuwa. "Wanda ya taɓa jinyarsa ya sani."

Dariyar Goggo ba ta yi nisa ba, domin ta koma kan wayar, kuma ba saƙonnin Yaya kaɗai aka saki ba. Akwai na wata mata daga Lakwaya a kan ɗanta. Akwai na wata daga ƙauyen Jama'a a kan mahaifinta tsoho. Akwai wasu. Duk fuka, duk a cikin kakar nan. Goggo ta zauna a tabarma ta karɓi wayata ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a gefenta ina saurare. Wata ta ce da ta gaji da jira kemis ta kai yaron. Wata ta ce ta ɗauka an daina kula masu fuka ne, ta ji nauyin tambaya. Goggo tana ba su haƙuri, ba ta ce laifin wane ne ba, tana gaya wa kowacce ranar da za ta zo. Sai da aka ce "da sauƙi" a kira na ƙarshe na ji bayana ya taɓa bango.

Da za ta tafi ta tsaya a zaure tana gyara mayafi.

"Karan rogon nan naki ya zo da tsutsar gonar da aka yanko shi. Ki koma ki bi shi gaɓa-gaɓa."

"Zan bi, Goggo."

"Kuma alamar nan ta daina yi wa mutane ƙarya. In bai iso gare ni ba, kada ta ce ya iso."

"To."

"Ni ma wayata ta bar durowa. Aljihu za ta koma."

Na bi shi gaɓa-gaɓa kamar yadda ta ce. Makonnin da suka biyo baya na buɗe kowane fayil, har waɗanda sunansu bai yi kama da abin da ya shafe mu ba. Na gyara alamar, ba ta yin kore sai saƙo ya sauka a wayar aiki. Na rubuta wa masu manhajar cewa a wurinmu haruffan nan uku farkon sunan ciwo ne, da na fukafukin tsuntsu. Har yau in na buɗe ta da safe ƙirjina yakan ɗan matse kafin shafin ya gama fitowa, kuma na daina tsammanin hakan zai bar ni.

Amma safiyar da na fi tunawa ita ce ta washegarin zuwana Masanawa. Na koma Gwarzo da yamma, na tashi da ƙaiƙayi a gashina. Inuwar darbejiya ba ta bar bakin rijiya ba na buɗe ɓangaren ma'aikata. Akwai sabon saƙo daga Yaya, dogo, na san da cikakkiyar gaisuwa a kansa. Ban buɗe ba tukuna. Wutsiyarsa tana nan a sama, inda Goggo ta ce a riƙa nunawa: "Fukar ta kwanta. Yarinyar nan tana ta tambaya wai Anti ta tafi da labarin tsuntsunta."